Ƙaramin Harsashi da Babban Naman Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Sama da shekara ɗari ke nan mafarautan Turai da Amurka da gabashin Afirka suna ja-in-ja a kan ko ƙaramin harsashi ya isa ya kayar da babban nama, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Wasu sun ce a saka harsashi inda ya kamata, shi ke nan. Wasu sun ce daji ba filin gwaji ba ne, nama yana motsi, iska tana kaɗawa, hannu yana rawa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan batun.

Wane harsashi ne ake kira ƙarami?

Kauri ake dubawa. Amurkawa da Turawan Ingila suna aunawa da inci, shi ya sa ake ganin .223 da .243 da .308 da .375. Sauran Turai da milimita suke aunawa: a 6.5x55, lambar farko kaurin harsashi ce, ta biyu kuma tsawon kwanson da ke ɗauke da albarushi. Yawanci daga milimita 5.6 zuwa 6.5 ake cewa ƙarami, wato irin su .223 da .243 da 6.5x55, in kuma ana maganar ɓauna ko giwa, har milimita 7 ma yaro ne.

Ƙanƙanta dai ta danganta da abin da aka nufa. Harsashin .243 ya yi wa gada yawa, ya dace da mariya, amma a gaban gwanki mai kilo 250 ya fara zama abin a yi tunani. Nauyin harsashi kuwa da giren ake faɗarsa, giram ɗaya ya ɗan haura giren 15.

Ɗan mitsitsin .22 ɗin nan mai ƙaramin kwanso da ake harbin zomo da tsuntsu da shi ba ya cikin wannan magana ko kaɗan.

To me zai sa mutum ya bar babba ya ɗauki ƙarami?

Shuri. Duk bindigar da ta tura harsashi gaba sai ta shuri kafaɗar mai ita, kuma jiki ba ya manta duka. Shurin .243 kusan rabin na .30-06 ne, na .375 kuwa ya kusa ninka na .243 sau huɗu. Wanda bindiga ta saba bugunsa, tun kafin ya ja kunama za ka ga ya runtse ido, ya ɗaga kunci daga jikin katako, yatsa ya fizgi kunamar maimakon ya matsa ta a hankali. Shi kansa bai san yana yi ba, don ƙarar harbin tana rufe komai. Masu koyar da harbi suna kama wannan ne ta hanyar miƙa wa ɗalibi bindigar da babu harsashi a ciki ba tare da ya sani ba. Ya ja kunama, babu ƙara, sai ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa kamar an tura shi. Ka ga in a daji ne, ƙafar gaba ko tumbi aka samu ke nan.

Ƙaramin harsashi yana kuma da araha, bindigarsa ba ta gajiyar da kafaɗa, saboda haka mai ita yakan yawaita gwaji har hannunsa ya faɗa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ni ma na yarda da ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne farashin: ƙaramin harsashi ba ya yafe kuskure. In saiti ya kauce da taƙi ɗaya, babba yana iya karya ƙashi ya kai ga huhu, ƙarami kuwa sai ya tsaya a hanya.

Ba an ce wani Bature ya kashe giwaye sama da dubu da ƙaramar bindiga ba?

An yi shi. Sunansa Walter Bell, ɗan Sikotlan, wanda aka fi sani da Karamojo Bell saboda yankin Karamoja na arewa maso gabashin Yuganda inda ya daɗe yana farautar hauren giwa tun farkon shekarun 1900. An lissafa masa giwaye 1,011, kuma wajen 800 daga ciki da .275 Rigby ya harbe su, wato 7x57 na Mauser da aka yi wa sunan Ingila. Duk wanda ke kare ƙaramin harsashi sai ya ambace shi.

Sai dai a duba yadda ya yi abin. Harsashin da yake sakawa dogo ne mai giren 173, mai dunƙulallen kai, an lulluɓe shi da ƙarfe gaba ɗaya irin na soja, ba ya buɗewa. Gudunsa bai wuce mita 700 a daƙiƙa ba. Kuma ƙwaƙwalwa yake nema, ba zuciya ba. Kan giwa ƙaton ƙashi ne mai ramuka-ramuka, ƙwaƙwalwar tana can ciki a ɓoye, don haka Bell ya riƙa sa zarto yana raba ƙoƙon kan giwayen da ya kashe, yana nazarin ta wace kusurwa harsashi zai kai gare ta in giwa ta fuskanto shi, ko ta ba shi gefe, ko ta juya tana tafiya. Daga kurkusa yake harbi. Ya kan yini ɗauke da bindiga yana gwada saiti ba harsashi har ta zama kamar gaɓar jikinsa. Ga shi kuma a zamaninsa giwaye ba su san ƙarar bindiga sosai ba, babu doka mai ƙarfi, babu mai tambayarsa nawa suka tsere da rauni.

Darasin da ke cikin labarinsa na nutson harsashi ne da sanin jikin dabba. Wanda ya ɗauko sunan Bell don ya halasta wa kansa harbin babban nama da harsashi mara nauyi mai tarwatsewa, ya ɗauki labarin ta wutsiya, domin abin da Bell ya guje wa ke nan.

Wani Baturen maharbi, Jim Corbett, ma ya riƙe .275 a Indiya wajen bin damisoshin da suka addabi ƙauyuka. Shi ma mutum ne da ya tashi a dajin.

Tsakanin kauri, nauyi da gudu, wanne ya fi muhimmanci?

In harsashi ƙarami ne, nauyinsa a kan kaurinsa shi ne kan gaba. Ka ɗauki mashi da kulki masu nauyi ɗaya ka jefa: mashi zai nutse, kulki zai bugi fata ya faɗi. Masana suna da lissafin wannan, suna raba nauyin harsashi da kaurinsa sau kaurinsa, sai lamba ta fito. Harsashin .22 mai giren 55 yana ba da 0.157. Na .243 mai giren 100 yana ba da 0.242. Na .308 mai giren 150, wanda kowa ke gani babba, 0.226 ne kacal. Na milimita 6.5 mai giren 140 yana kai 0.287, mai giren 160 kuwa 0.328, wato ya wuce na .375 mai giren 300 da ake harbin ɓauna da shi, wanda ke tsayawa a 0.305.

Nan sirrin mutanen Suwidin da Nowe yake. Tun 1894 sojojinsu suka karɓi 6.5x55, daga baya bindigogin suka koma hannun manoma da masu aikin katako. Da su ake harbin mus, ƙaton naman dajin ƙasashen sanyi wanda namijinsa kan haura kilo 400, kuma dubun-dubata ake kayarwa duk shekara. Harsashin da suka fi yarda da shi dogo ne mai giren 156, gudunsa matsakaici, yana shiga ta wannan haƙarƙari ya ratsa huhu biyu. Mus ɗin kan yi 'yar tafiya ya kwanta.

Gudu kuwa yana da ruɗi. Da .220 Swift ya fito a 1935 yana wuce mita 1,200 a daƙiƙa, mutane sun ɗauka an gama magana. Wani lokaci barewa takan faɗi nan take kamar tsawa ta same ta, wani lokaci kuma harsashin ya fashe a kan kafaɗa ya bar rauni mai faɗi mara zurfi, dabba ta shige daji ta mutu bayan kwanaki. Na farkon ne ake ba da labarinsa a wajen hira.

Yaya zan gane ƙirar harsashin da ta dace?

Wannan ce tambayar da ta fi duk sauran, kuma ita aka fi tsallakewa. Harsasai biyu masu kauri ɗaya da nauyi ɗaya suna iya yin aiki daban-daban kamar ba dangi ba.

Akwai na ƙananan dabbobi, irin su dila da gafiya. Rigarsa ta jan ƙarfe siririya ce, an yi shi ne don ya tarwatse da zarar ya taɓa jiki. Sau da yawa hoton dabbar yana jikin kwalin. Kada a kusanci babban nama da shi, kome kyan saitinsa a takarda.

Akwai na gargajiya, dalma a cikin kofin jan ƙarfe, kansa a buɗe. Yana aiki lafiya in gudun bai yi yawa ba kuma harsashin yana da nauyi. In aka matsa masa, sai rigar ta rabu da dalmar, kowanne ya kama gabansa. Abin da ya faru da wani mafarauci Ba'amurke, John Nosler, ke nan a 1946 a lardin Biritish Kolombiya na Kanada. Ya harbi mus da taɓo ya bushe masa a kafaɗa, da babbar bindiga ma, .300 H&H, harsasan suka riƙa wargajewa ba su shiga ba. Ya koma gida ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu da katanga a tsakani: na gaba ya buɗe ya yi ɓarna, na baya ya tsaya cur ya ci gaba da nutsawa. A 1948 ya fara sayar da shi da sunan Partition, kuma har yau in aka ce wa tsohon mafarauci ya zaɓa wa .243 harsashi, da wuya bai ambace shi ba.

Sai wanda aka narka dalmar ta manne da rigar yadda ba za su rabu ba, irin Oryx na kamfanin Norma ko AccuBond. Sai kuma na jan ƙarfe zalla, wanda kamfanin Barnes ya fito da shi a 1989: kansa yana tsagewa gida huɗu ya lanƙwashe baya, kuma in an tono shi daga jikin nama sai a tarar kusan bai rasa komai na nauyinsa ba.

Ga mai ƙaramar bindiga, cikin ukun nan na ƙarshe ya kamata ya zaɓa. Mai .375 yana da rarar nauyin da zai zubar a hanya. Mai giren 100 in ya zubar da rabi a kan kafaɗa, me ya rage da zai kai huhu?

Na ji wasu a Amurka suna harbin manyan barewa da .223 da harsashin gasa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma suna da hotunan da suke nunawa. Suna saka dogon harsashi mai giren 77 mai siririyar riga, wanda ke shiga 'yan inci kaɗan sannan ya farfashe a cikin ƙirji ya dagargaza huhu. In aka same shi daidai bayan kafaɗa, dabba ba ta nisa. Hujjarsu ita ce ba shuri, suna ganin inda harsashi ya sauka ta madubin hange, suna iya ƙara na biyu nan da nan.

Ra'ayina, wannan hanya ce ta wanda ya harba dubban harsasai kuma yake da haƙurin barin nama ya wuce in bai tsaya yadda yake so ba. Ba ita zan nuna wa sabon shiga ba. Kamfanin Sierra ma da kansa ba ya ba da shawarar a yi farautar babban nama da harsasansa na gasa, wato MatchKing. Jihohin Amurka kuma sun rabu, wasu sun yarda da .22 mai babban kwanso, wasu sun ce sai daga .24 zuwa sama.

Na sayi harsashi mai nauyi amma yana watsuwa a takarda, wani ma a kaikaice yake shiga. Me ya faru?

Bututun bindigarka ne bai juya shi yadda ya isa ba. A cikin bututu akwai tsaga mai murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyi, kuma dogon harsashi yana buƙatar murɗi mai sauri kafin ya miƙe. Bindigar .223 mai zagaye ɗaya a inci 12 tana riƙe giren 55, amma giren 77 sai mai zagaye ɗaya a inci 8 ko 7.

Wannan ƙaramin abu ya taɓa kayar da babban kamfani a kasuwa. A 1955 Winchester ya fito da .243, Remington ya fito da .244, kauri ɗaya, har na Remington ya ɗan fi ɗaukar albarushi. Amma Winchester ya sa murɗin inci 10 mai riƙe giren 100, Remington ya sa na inci 12, harsashinsa mafi nauyi giren 90. Mafarautan barewa suka bi Winchester. Sai a 1963 Remington ya sake fito da nasa da murɗin inci 9 da sabon suna, 6mm Remington, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Doka tana da ta cewa?

Sosai. Ƙasashe da yawa ba su bar abin ga son ran mafarauci ba. A Jamus, ƙaramar barewarsu mai kilo 20 zuwa 30 tana buƙatar harsashin da ke da ƙarfin jul 1,000 (jul ma'aunin ƙarfin bugun harsashi ne) a nisan mita 100, sauran manyan dabbobi kuwa sai kaurin milimita 6.5 da jul 2,000. A Ingila da Wels, yawancin barewa sai .240 zuwa sama da ƙarfin kimanin jul 2,300 a bakin bindiga. A da, Suwidin ta shafe shekaru tana neman harsashin dalma mai giram 9 da jul 2,700 a mita 100, ko mai giram 10 da jul 2,000, kafin a harbi mus. In ka lura, an yanka dokar ne yadda tsohon 6.5x55 zai shiga, .243 kuma ya tsaya a waje. Sikotlan ta rage mafi ƙarancin nauyi daga giren 100 zuwa 80 a 2023, don a samu damar amfani da na jan ƙarfe wanda bai kai dalma nauyi ba.

Dokokin nan suna sauyawa, a tambayi hukumar wurin kafin a sayi komai.

Ina ake saka harsashin, kuma wane harbi ne ya kamata a haƙura da shi?

Huhu. Dabba ta ba ka gefe sosai, ka bi layin ƙafar gaba ka hau kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙirji, ɗan baya kaɗan da kafaɗa. Haƙarƙari ne kawai a hanya. In ta ɗan juya tana barinka, ka nufi kafaɗar da ke wancan gefen. Wanda za a bari shi ne in ta fuskanto ka a karkace, don nan ne ƙashi mafi kauri da tsoka suka tare hanya, da kuma in ta ba ka baya gaba ɗaya. Harbin kai yana da daɗin faɗa, amma ƙwaƙwalwa ƙarama ce kuma kai ba ya tsayawa wuri ɗaya. In aka kuskure, muƙamuƙi ake karyawa, dabba ta mutu da yunwa da ƙishirwa.

Wani abin lura kuma shi ne bin sawu. Ramin shigar ƙaramin harsashi ɗan ƙarami ne, fata da kitse sukan toshe shi, jini ya taru a ciki. In bai fita ta wancan gefen ba, kana iya duba ƙasa ka rasa ɗigo ɗaya, alhali naman yana kwance a mita ɗari cikin ciyawa. Wanda ya harba ya riƙe wurin da dabbar ta tsaya da inda ta shige, ya dakata kaɗan, sannan ya bi. Jini ja mai haske da kumfa na huhu ne. Mai duhu haɗe da ɗanyar ciyawa na tumbi ne, a nan sai a ba shi sa'o'i, in aka matsa masa zai tashi ya yi nisa.

Nisa fa?

Kowane harsashi yana da gudun da in ya sauka ƙasa da shi ba zai buɗe ba. Na jan ƙarfe yana son kimanin mita 600 a daƙiƙa lokacin da ya isa jiki. Ga yawancin mutane dai hannu ne ke gazawa kafin harsashi: nisan da kake iya zuba harsasai biyar a jere cikin faɗin faifai, a tsaye ko a durƙushe yadda za ka yi a daji, shi ne nisanka.

Dalma tana lalata nama?

Harsashin dalma mai gudu yana barin ɓurɓushi da ido ba ya gani a kewayen raunin, shi ya sa ake yanke wurin da faɗi a zubar, musamman in yara ko mai juna biyu za su ci. Ungulaye da mikiya da ke cin kayan cikin da aka bari a daji su ma tana kashe su. Dalilin da ya sa Kalifoniya ta hana farauta da dalma baki ɗaya a 2019 ke nan, Denmak ma ta bi a 2024. Mai komawa jan ƙarfe ya sauko da nauyi kaɗan, don ya fi na dalma tsawo, sannan ya sake daidaita saiti.

Ɓauna, dorina ko giwa fa?

A'a. Ƙasashen Afirka da ke ba da izinin irin wannan farauta sun sa iyaka, galibi .375 H&H, wanda ya fito a 1912, ko 9.3x62 na Jamus. Zimbabuwe tana neman milimita 9.2 da jul 5,300. Dalili a fili yake: ɓaunar da aka ji wa rauni takan shiga duhuwa ta jira mai bin sawu, kuma yawanci ba mai bindigar ba ne a gaba, ɗan jagora ne. Kenya kuwa ta rufe farautar manyan namun daji tun 1977.

Naman da harsashi ya kashe ya halatta a ci?

Malamai da yawa, har da na baya-bayan nan a mazhabar Malikiyya, sun halatta shi in an ambaci sunan Allah lokacin harbi kuma harsashin ya huda ya zubar da jini. In aka iske dabbar da sauran rai, sai a yanka. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Shaddad bin Aus, mai umarni da kyautata kisa da kyautata yanka, ya shafi zaɓen harsashi kai tsaye, don wanda ya san abin da ke hannunsa bai isa ba kuma ya harba, da gangan ya jawo wa dabba wahala. Don cikakken hukunci a koma ga malamai.

Wannan magana ta shafe mu a nan kuwa?

Kaɗan. Yawancin maharbanmu bindigar toka ko ta 'ya'yan dalma suke riƙewa, su kuma bututunsu ba shi da tsaga, lissafinsu daban ne. A Najeriya bindigar farauta irin wannan sai da lasisi a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, kuma wurare irin Yankari da Gashaka-Gumti, ko gandun W a Nijar, ba a harbi a cikinsu sam. Inda abin ya zo kusa shi ne arewacin Kamaru, inda aka keɓe yankunan farauta da lasisi a kewayen gandun Benuwe da Faro da Buba Njida. Baƙi suna sauka Garwa su shiga neman gwanki da ɓauna, kuma da yawa .375 suke riƙewa ko da gwanki suka fito nema, saboda ba a san abin da zai fito daga ciyawa ba.

Ta yaya zan gwada harsashi kafin in yarda da shi?

A wurin gwajin harbi da aka amince da shi, mai tudun ƙasa a baya. A jiƙa tsofaffin jaridu su kwana a ruwa, a ɗaure su dam a jere a cikin kwali har tsawon hannu, a sa ƙashin kafaɗar saniya daga mahauta a gaba in ana son gwaji mai tsanani. A harba daga nisan da ake sa ran yin farauta, sannan a riƙa buɗe takardun ana bin ramin. A duba zurfin da ya kai, ko ya tafi a miƙe, ko rigar ta rabu da dalmar, sannan a ɗora abin da ya rage a ma'auni a kwatanta da sabo. In an samu wanda ya yi, a sayi kwalaye masu lambar ƙira ɗaya, a daidaita madubin hange da shi, don ko nauyi ɗaya ne, harsashin wani kamfani yana iya sauka taƙi guda daga inda na farko yake sauka.